Hayaƙin Malam Iro

Na gode wa Allah da ya ja kwanana har na ga jikoki suna gardama da ni, ya kuma bar mini hankalin da zan gyara abin da aka karkatar. Akwai wata magana da ke yawo a gidan nan tun kafin a haifi rabinku, wai ni na raba kakanku Malam Iro da aikinsa. Ba a faɗar ta a gabana, amma kunnena bai mutu kamar yadda kuke zato ba. Na sha jin ta a bakin gwaggonninku in an taru suna ko biki. Bara kuma sai ga autata Binta, wadda take aiki a ofishin masu kula da sauyin yanayi, ta juya labarin gaba ɗaya. Ta tsaya a gaban baƙinta tana cewa wai babanta ne ya fara yaƙi da hayaƙin masana'antu a Challawa tun kafin a san sunan abin. Duka biyun ba haka aka yi ba. Ban kai mugun da gwaggonninku ke nufi ba, ban kuma kai gwarzon da Binta ke tallatawa ba. Ku 'ya'yana, ku zauna ku ji yadda aka yi, daga bakin wanda hannunsa ke kan ƙarfen.

Na shigo Kano a farin nan na shekarun saba'in, daga wani ƙauye a ƙasar Gumel, bayan gero ya ƙone a tsaye mun sayar da akuyar ƙarshe. Na yi dako a Bompai, na kwana a rumfar masu gadi. A bakin get ɗin wani kamfanin matsar gyaɗa Malam Iro ya tsince ni. Ya kama hannuna ya juya shi, ya ce hannun noma ne, zai iya wuta. Shi ne babban fayaman a wurin, wato mai kula da boila, ƙatuwar tukunyar ƙarfen da ake dafa ruwa a ciki ya zama tururi, tururin ya tafi da aikin kamfani. Tun yana saurayi yake zuba kwal a jirgin ƙasa, kuma bai taɓa bari mu manta da hakan ba. Shi ya koya mini komai, ranƙwashi ma na sha, ban ƙi faɗa ba. Da aka buɗe wata masaƙa a Challawa aka neme shi, ya ce ba ya zuwa sai da ni. Bayan shekara biyu ya ba ni 'yarsa Uwani, mahaifiyarku, wadda dama mun riga mun daidaita a bayan idonsa, ko da yake har ya koma ga Allah yana ganin dabararsa ce. Kun ga ke nan mutum ɗaya ya zame mini maigida, ya zame mini malami, ya zame mini suruki. Ban taɓa kiran sunansa ba, Baba nake ce masa. In na hango shi sai na tuɓe takalmi na durƙusa, ko da a ɗakin boila ne da ƙasa duk mai.

Boilar Challawa ba kwal take ci ba, baƙin mai take sha, wani mai mai kauri kamar maɗi, sai an ɗumama shi sannan a fesa shi cikin wuta. A gefen murhun akwai wata ƙofar ƙarfe mai mariƙi, ta nan iska ke shiga. In ka tsuke ta, wuta ta yi ja, hayaƙi ya turnuƙe baƙi ƙirin. Malam Iro kuwa a jirgi ya taso, inda yawan hayaƙi ke nuna jirgi ya ɗauko kaya da ƙarfi, don haka a wurinsa bututun da ba ya hayaƙi bututun ragwaye ne. Kowace safiya da rana ta ɗan ɗaga, sai ya kama mariƙin nan ya tsuke iska, ya ƙara mai, wani gungumen hayaƙi ya miƙe sama. Sallama yake ce masa.

Kada ku ɗauka wauta ce kawai, sallamar nan tana da aikinta. Masaƙar tana ɗaukar leburori kullum a bakin get, masu sauke auduga da masu loda yadi, yawancinsu manoma daga Zawaciki da Panshekara da ƙauyukan Kumbotso. Babu waya, babu mai aike. Mutum in ya fito da safe sai ya ɗaga kai ya dubi wajen Challawa. In ya ga sallamar Malam Iro ya san yau akwai aiki, ya jingine fartanya ya kama hanya. In bai gani ba ya wuce gona. Iya Tabawa mai shinkafa da wake, wadda rabin ma'aikata ke ci a wurinta, ba ta ɗora tukunya sai ta ga hayaƙi. Babu wanda ya rubuta wannan a takarda, manajan masaƙar ma bai san da shi ba. Mutane dai suna cewa hayaƙin Malam Iro, kamar yadda za a ce gonar wane. Shi kuma yana jin daɗin hakan ƙwarai, ni ma ina taya shi. Kunkunniya kuwa tana sauka a kan komai: shanyar mata, kuɓewar da aka baza a kan rufi, ganyen masu lambu a bakin kogi. In ka yi kaki da safe baƙi za ka gani. Ba mu taɓa kawo komai a ranmu ba, mun ɗauka haka arziki yake zuwa.

A ƙarshen shekarun tamanin, lokacin soja, aka kafa dokar kare muhalli. Mun ji a rediyo, muka ce wata ce cikin irin waɗanda ake karantawa a manta. Sai ga shi wata rana wani siririn saurayi ya zo a babur, ya ce sunansa Bello, daga hukuma aka turo shi duba hayaƙi. Kayan aikinsa kaf wani kwali ne mai gidaje, daga fari zuwa toka-toka zuwa baƙi. Ya tsaya a fili ya ɗaga kwalin yana gwada shi da bakin bututu, mu kuma muna tsaye muna danne dariya. Da ya gama ya shigo ɗakin boila da manaja a bayansa, ya gaishe da Malam Iro da ladabi.

"Baba, ku ne masu wutar nan?"

"Ga ta ga ni," in ji Malam Iro.

"Hayaƙinku yana gidan ƙarshe. Doka ta ce kada ya kai nan. Na ba da wata uku, in na dawo na same shi haka, za a sa wa boilar nan kwaɗo."

"Yaro, ka taɓa hura wutar da ta fi ta shayi?"

"A'a, Baba. Amma wannan baƙin da kuke gani mai ne da bai ƙone ba. Sayo shi ake yi, ku kuma kuna watsa wa mutane a ka."

Malam Iro ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Kun ji. Na tsufa a bakin wuta, yau kwali zai koya mini aiki."

Ni aka sa na raka baƙon wajen babur ɗinsa. A hanya ya gaya mini abu uku: a ɗumama mai fiye da yadda muke yi, a riƙa wanke bakin feshi, a buɗe iska har wuta ta yi haske. Na riƙa gyaɗa kai don kada a ce ban da tarbiyya. Abin da ya tsaya mini a rai kawai shi ne kwaɗon nan, domin in aka rufe boila masaƙa ta tsaya, kowa sai gida.

Da yamma na ba mahaifiyarku labarin don mu yi dariya tare. Tana durƙushe a gaban risho tana dafa wa yara taliya, ko murmushi ba ta yi ba.

"To ai gaskiyarsa," ta ce. "Ni ma risho in ya fara jan wuta yana baƙanta mini tukunya, na san lagwani ne ya lalace. Kuma kananzir ba ya daɗewa."

"Yanzu boila za ki haɗa da risho?"

"Ba duk wuta ba ce? Kai dai ba kai kake wanke fararen kayan Juma'a sau biyu ba."

"Allah ya sa Baba ya ji ki."

"Ba zai ji daga bakina ba. Kai ma kada ya ji daga naka."

Maganar nan ta risho ta shige ni fiye da kwalin Bello. Wata biyu ina juya ta. Kullum manaja na aikowa a tambayi me ake ciki, Malam Iro na cewa a kwantar da hankali, irin su Bello zuwa ɗaya suke yi. Sau biyu na buɗe baki zan ce masa mu gwada, sau biyu kunya ta rufe mini shi. Ta yaya zan dubi mutumin da ya ɗauko ni daga dako in ce masa abin da yake alfahari da shi ɓarna ce? Ana cikin haka aka aiko yayansa ya rasu a Haɗejia. Ya tafi zaman makoki, ya bar mini boila a hannuna, ya ce in riƙe amana.

A nan ne laifina yake, kuma ba zan yi masa kwalliya ba. Ban jira shi ba. Ranar Lahadi da injuna ke hutawa na shiga ni kaɗai, na kwance bakin feshin nan, na same shi ya toshe da dauɗar da ta daskare kamar ƙanzo. Na jiƙa shi a kananzir na goge tas. Na ɗumama mai har ya tsinke, na kunna, na kama mariƙin ƙofar iska ina buɗewa kaɗan-kaɗan, ina leƙawa ta ramin dubawa. Na ɓata kusan yini. In na buɗe da yawa wuta ta yi kamar za ta ɗauke, in na tsuke ta koma ja. Can wajen la'asar na dace. Wutar ta tsaya cak, ta yi haske mai ɗaukar ido, gurnaninta ya daidaita. Na fita da gudu na ɗaga kai. Babu komai a bakin bututu sai iska mai rawa saboda zafi, ga kuma allurar ma'aunin tururi tana hawa fiye da kullum. Na tsaya a filin nan kamar wanda ya ga watan sallah shi kaɗai. Na yi murna, na kuma ji kaina ya yi girma, har na ce a raina ashe na fi Baba.

Litinin da safe ban yi sallama ba. Wallahi ko kaɗan bai zo mini a rai abin da hakan zai jawo ba. Ku tuna lokacin ne da kamfanoni ke ta rufewa a Sharaɗa da Bompai saboda rashin kayan aiki, kowa zuciyarsa a ɗar-ɗar take. Mutanen ƙauye suka fito suka ɗaga kai, ba su ga komai ba, suka ce shi ke nan, ta zo kanmu. Lebura ko ɗaya bai zo ba. Motocin auduga suka yi layi a get babu mai saukewa. Iya Tabawa ba ta ɗora tukunya ba, ma'aikata suka fito hutun rana suka tarar da murhu a sanyaye. Manaja yana ta zarya yana tambayar masu gadi ko annoba aka yi a ƙauyukan. A gida kuwa, kafin azahar mata sun cika tsakar gidanmu sun zo yi wa Uwani jaje. Wata ma har da kwanon gero ta riƙo, wai mu fara rage zafi kafin Allah ya kawo wani aikin. Mahaifiyarku tana ta ce musu ai mijinta ya fita aiki da safe lafiya lau.

Da na gane abin da na yi, sai na ari keke na shiga ƙauyuka. A Zawaciki na tarar da dattawa a gindin wata durumi, na rantse musu masaƙa na aiki. Wani tsoho ya nuna sama da sandarsa.

"To ina hayaƙi?"

"Baba, an gyara wutar ne. Ku zo ku ji ƙarar injuna da kunnenku."

"Mu da ido muka saba. Ko dai an ce ka zo ka lallashe mu ne?"

Sai da aka kwana uku kafin mutane suka dawo daidai. A ƙarshe muka yi shawara da masu unguwanni, tunda yadi ba ya yi wa masaƙa wuya, aka riƙa ɗaga ƙaton koren ƙyalle a kan tankin ruwa duk ranar da ake ɗaukar leburori. Amma kwana ukun nan ba su dawo ba. Mutanen da aikin yini ɗaya shi ne tuwon gidansu sun rasa shi saboda ban yi tunanin in gaya wa kowa ba, kuma wasunsu sun faɗa mini hakan a fuskata. Shi kuwa manaja ya lura tankin man da kan ƙare ranar Alhamis ya kai Asabar bai ƙare ba. Ya kira ni ofis, abin da bai taɓa yi ba, ya ba ni kujera.

Malam Iro ya dawo ba tare da ya san komai ba. Ya sauka a Na'ibawa ya hau motar Challawa, tun daga nesa yake neman hayaƙinsa bai gani ba. Daga baya surukata ta gaya mini gabansa ne ya faɗi, ya ɗauka masaƙa ta mutu a bayansa, ya ƙarasa hanya yana ta salati yana tunanin inda zai kai mu. Ko gida bai biya ba. Ya shigo get ya ji injuna na ruri. Ya wuce ɗakin boila da jakarsa a kafaɗa, ya sunkuya ya leƙa ramin dubawa, ya daɗe a haka.

"Wa ya taɓa mini wuta?"

Na durƙusa na ce, "Ni ne, Baba."

Ya dube ni, idonsa ya yi ja saboda hanya da makoki. Na zaci zai yi faɗa, da ma ya yi. A hankali ya ce, "Na tafi binne ɗan'uwana."

Ya juya ya fita. Washegari ya kama mariƙinsa ya tsuke iska, sallama ta tashi baƙa ƙirin kamar ba a taɓa yin komai ba. Ga koren ƙyalle a kan tanki, ga hayaƙi a sama. Ban hana shi ba. Kwanaki ana haka, manaja na hararata, ni ina sunkuyar da kai.

Ranar da Bello ya dawo bai aiko ba. Mai gadi ne ya leƙo ya ce mai kwalin nan yana bakin titi, shi da wasu mutum biyu, ɗaya na riƙe da sarƙa da kwaɗo. Daidai lokacin sallama ne. Wuta na tafiya da haskenta tun asuba, domin ni na kunna. Malam Iro ya ji abin da mai gadi ya ce sarai. Ya gyara tsummansa a kafaɗa, ya nufi ƙofar iska ya kama mariƙi. Ban san lokacin da na isa wurin ba, sai ganin hannuna na yi a kan nasa.

"Baba, don Allah ku yi haƙuri. Yau kada a yi."

"Ɗauke hannunka."

"Za su rufe mu, Baba. Ku dubi mutanen da ke cikin nan."

"Haruna. Ni kake riƙe wa hannu?"

A tsaye nake, da takalmi a ƙafata, ina kallon ƙwayar idon surukina, ga sauran 'yan boila suna kallonmu. Amma ban ɗauke ba. Na ji ƙarfin hannunsa a ƙarƙashin nawa, har yanzu in na rufe ido ina jin sa, sannan na ji ya saki. Ya zare hannunsa, ya sauke tsumman kafaɗarsa ya rataye a kan mariƙin, ya ɗauki hularsa ya fita. Ta gaban Bello ya wuce, yaron na gaishe shi bai amsa ba.

Bello ya ɗaga kwalinsa, ya duba, ya sake dubawa, ya rubuta abin da zai rubuta, aka mayar da sarƙa cikin mota. Masaƙa ta tsira. A ranar manaja ya ce ni ne babban fayaman. Na roƙe shi a bar Baba a samana ko da suna ne, ya yarda, aka aika har gida, Malam Iro ya ce a gaya wa manaja ya gode, shi ya gama wuta. Sai na karɓi muƙamin. Ba dole aka yi mini ba, ina so, wannan ma ku rubuta shi a cikin laifina in kun ga dama. To kun ji inda maganar gwaggonninku ta samo asali.

Shekara biyu bai taka gidanmu ba. In na je gaishe shi a Panshekara, na durƙusa a zaure, sai ya ce lafiya, ya ci gaba da jan carbi har in gaji in tashi. Abin ya ci ni ƙwarai, na rame, na zama mai saurin fushi, manyanku za su tuna. Mahaifiyarku ce ta fi shan wuya, tana tsakanin uba da miji. Wata rana ta dawo daga can idonta a kumbure, na ce mata ai ita ta fara kawo maganar risho.

"Na ce risho," ta ce. "Ban ce ka jira a yi masa rasuwa ba. Gaskiya ce da kai, amma ka yi ta a bayan idonsa."

Abin da ya riƙe ni a shekarun nan shi ne abin da nake gani da idona. Fararen kaya suna bushewa farare. Masu lambu sun daina wanke ganye kafin su kai kasuwa. Iya Tabawa da ta fi kowa zagina ita ce ta fara cewa tarin da ke damunta da safe ya yi sauƙi.

A lokacin ban san wani abu wai shi sauyin yanayi ba, ko da yake fari ne ya koro ni daga gonar ubana. Binta ce ta zaunar da ni ta yi mini bayani, cewa ko hayaƙin da ba a gani yana da nasa laifin, yana taruwa a sama yana ƙara wa duniya zafi, amma duk man da ba a ƙona ba ragi ne. Ta ce yanzu ƙasashe na ta yin dokoki a kan haka, mu ma an yi tamu. Na ce madalla, ina kuma da yaƙinin za a ci nasara, domin na ga doka ta zo a babur da kwali ta gyara sama a kan ƙauyuka. Abin da nake gaya mata kullum shi ne, duk hayaƙin da za su je ragewa, su fara tambaya wa ke kallonsa da safe, wa kuma ya tsufa yana alfahari da shi. Ni ban tambaya ba, na kuwa biya.

Yadda aka shirya kuwa, ba ni na yi dabarar ba. Wani kamfanin jima da ke kusa da mu ne aka ba su wa'adi irin namu. Suka rasa yadda za su yi, suka tambaya wa ya fi kowa sanin wuta a Challawa. Duk wanda suka tambaya sai ya ce Malam Iro, domin sunan nan bai goge ba. Suka aika mota har ƙofar gidansa. Ku da kuka san kakanku kun san ba zai iya buɗe baki ya ce bai sani ba. Ya ce su dawo ranar Asabar.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina zaune a zaure, sai na ji sallamarsa. Na miƙe har ina tuntuɓe, na shimfiɗa masa tabarma. Muka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi aiki, ya tambayi damina. Ina jin motsin mahaifiyarku a bayan ƙofa, ta kasa shigowa ta kasa komawa. Can ya kafa wa bango ido, kamar da shi yake magana.

"Ƙofar iskar nan, yatsa nawa kake buɗewa?"

"Uku, Baba. Amma ya danganta da zafin mai."

"Bakin feshin fa?"

"Duk mako nake wankewa."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ce, "Gobe ka shirya da wuri. Za ka riƙe mini jaka."

Daga baya mun zaga tare har Sharaɗa da Bompai, duk inda aka ba da wa'adi mu ake nema, amma Asabar ɗin farkon nan nake so ku riƙe. Muka shiga ɗakin boilar majemar, shi a gaba ni a baya da jakar kayan aiki. Ya sa aka kwance bakin feshi aka wanke, ya sa aka ɗumama mai, yana ba da umarni kamar a nan aka haife shi. Da aka kunna na matso zan raɗa masa, ya ɗaga mini hannu. Ko leƙa ramin dubawa bai yi ba. Ya rufe ido ya karkata kai yana sauraron wutar, yana motsa mariƙi a hankali. Abin da ya ci mini yini guda, shi kafin shayi ya huce ya same shi. Muka fito fili gaba ɗaya muka ɗaga kai, bakin bututu fes. Ya daɗe yana kallo, ban san me yake gani ba.

Injiniyan kamfanin ya kama hannunsa da hannu biyu yana ta godiya, ya ce, "Malam, wannan ilimi a ina kuka samo shi? A jirgi?"

Ma'aikata sun kewaye mu, kowa na jiran ya ce e. Ni ma abin da nake jira ke nan, kuma da ya faɗa ba zan ji haushi ba. Ya juyo ya nuna ni da haɓa.

"A wajen ɗana. Taurin kai gare shi, amma ya fi ni gaskiya."

Na sunkuya ina ta gyaran bakin jakar da ba abin da ya same ta, don kada a ga fuskata. Bai taɓa ce mini ya yafe ba, ni ma ban taɓa samun bakin roƙonsa ba. Muka ƙi motar kamfani muka taho a ƙafa, yana gaba ina binsa. Da muka kai mararrabar da zai karkata zuwa Panshekara sai na tsaya in yi masa sallama. Bai tsaya ba, ya miƙe hanyar gidanmu, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Yi sauri ka gaya wa Uwani ta ƙara hannu a tuwo."